Shanu Uku da Ba Su Ga Fari Ba

Idan gaskiyar da ke bakinki za ta karya wadda kike yi wa hassada, kika faɗe ta, don Allah kika faɗa ko don zuciyarki? Idan kuma kika yi shiru, biyayya kika yi wa mahaifinki, ko jira kike ta ƙara hawa sama kafin ta faɗo? Kwana shida na yi ina juya wannan tambaya, a kan sallaya, a gaban allo, a bakin murhu, ban samu amsa ba. Wataƙila ku da kuke karantawa kun fi ni tsarkin zuciya. Ni dai ga abin da ya faru.

Sunana Saudatu Atiku, ina koyar da kimiyyar halittu a wata sakandaren 'yan mata a Sabon Birni. Gidanmu yana bakin gari, inda muka dawo da zama tun da rugarmu ta wajen Burkusuma ta ƙi zaunuwa saboda ɓarayin daji. Jamilatu kuwa ɗiyar Baffa Labbo ce, ƙanen Babana uwa ɗaya uba ɗaya. Na girme ta da wata bakwai, don haka Adda take ce mini. Tare muka shiga jami'a a Sakkwato, tare muka yi digiri na biyu a kan tsokar dabbobi, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Yanzu tana Jamus, shekararta ta huɗu, saura ƙiris a kira ta Dakta. Ni ina nan ina zana ƙwayar halitta da alli a allon da ya tsage gida biyu.

Bari in gaya muku abin da muke karantawa, don ku san inda ciwon yake. A jikin kowane zaren tsoka akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ke kwance suna barci. Ba sa aikin komai sai ranar da tsokar ta yage ko ta zube. Ranar sai su farka, su hayayyafa, su ɗinke wurin. Tambayar ita ce: saniyar da fari ya cinye wa cinya har ƙashi ya fito, me ya sa wata take mayar da jikinta idan ciyawa ta tsiro, wata kuwa ta tafi ke nan? Ni na fara yin wannan tambaya. Ba a littafi na samo ta ba, a bayan Baba na samo ta tun ina yarinya, ina riƙe da wutsiyar saniya.

Mu biyu muka rubuta tambayar muka aika wa wani farfesa a Jamus. Ya amsa cewa gurbi ɗaya gare shi, mu shirya zai gana da kowaccenmu ta waya. Lokacin ina gida ina jinyar Inna, kuma lokacin ne aka yanke layin waya a yankinmu gaba ɗaya. Jamilatu tana Sakkwato, ta ga saƙon a ranar. Ta ce ta ba wani direba takarda ya kawo mini. Takarda ba ta zo ba. Ranar da na hau babur har kusa da iyaka na kama layin Nijar, saƙon ya kwana goma sha tara. Ban ce ta yi ƙarya ba. Ban kuma ce ta faɗi gaskiya ba. Tun daga ranar dai ban ƙara ɗaukar kiranta ba. In ta rubuto in amsa da kalma biyu, lafiya lau, na gode.

Ta dalilin aikinta Attahiru ya san gidanmu. Likitan dabbobi ne, mutumin garin Isa, shi ta samu ya riƙa ɗebo mata tsoka. Ya zaɓi shanu goma sha biyu a garken Baba, ya maƙala wa kowacce lamba mai ruwan ɗorawa a kunne, ya soka wata allura mai kauri a cinya ya ciro ɗan yanki kamar ƙwayar shinkafa, ya jefa cikin tulun ƙarfe mai fitar da hayaƙin sanyi. Ya roƙe ni in riƙa rubuta halin da shanun suke ciki kowane wata. Na ce ni ba 'yar aikin kowa ba ce. Ya yi dariya, ya dawo washegari ba don shanu ba. Daga nan ya tafi Zariya ƙarin karatu na shekara biyu, sai waya tsakaninmu.

Shekarun nan biyu ne ruwa ya ɗauke gero yana ciki, sau biyu a jere. Gulbi ya zama yashi tun kafin tsakiyar rani. Harawa ta gagara, dusa ta gagara, na ga shanunmu suna cin kwali da ganyen bedi, wato darbejiya. Da Attahiru ya dawo ɗebo tsoka karo na biyu, cikin sha biyun nan huɗu sun mutu, biyar sai an taimaka musu suke tashi. Uku kuwa, Wule da Saye da Nore, suna tsaye suna sheƙi, cinya cike kamar an ɗura. Ya yi ta kewaya su yana ɗaukar hoto.

"Baba, waɗannan duk nan suke tare da sauran?"

"Shanun gidan ga na, likita," in ji Baba.

Bai yi ƙarya ba. Amma ba abin da aka tambaye shi ya amsa ba.

Ga abin da Attahiru bai sani ba, Jamilatu ma ba ta sani ba. Wata huɗu da tafiyarta ɓarayi suka kore garken Baffa Labbo kaf, ko ɗan maraƙi ba su bar masa ba. A wajenmu idan ɗan'uwa ya rasa dabbobinsa ba a ba shi sadaka, aron saniya ake ba shi, mu ce habbanaye. Ya riƙe ta ya sha nono, in ta haihu ya riƙe ɗan ya maido uwar. Baba ya ware masa shanu uku, Wule da Saye da Nore, da lambobinsu a kunne, Baffa ya kora su kudu, can ƙasar Borgu inda ciyawa ba ta yanke ba. Shekara biyu suna can suna kiwo a bakin ruwa. Da kowacce ta haihu, ya kuma ji labarin nono ya yi ƙaranci a gidanmu, sai ya maido su, sati uku kafin Attahiru ya iso da tulunsa. Baba ya tara mu ya ce maganar nan ta mutu a gidan nan. Yarinya tana can wata uwa duniya tana karatu, tana jin ubanta mai garke ne, kar wanda ya karya mata zuciya, kar wanda ya tona wa ƙanensa asiri.

Ina tsaye a wurin da ƙwaryar fura a hannuna lokacin da Baba ya ba Attahiru wannan amsa. Na san sarai abin da zai biyo baya. Na san Jamilatu za ta duba tsokar shanun nan uku ta ce ta gano irin da yunwa ba ta kayarwa. Na yi shiru. In na ce muku don umarnin Baba kaɗai na yi shiru, na yi muku ƙarya. Akwai wani ɗan sanyi da na ji a ƙirjina, irin na ruwan randa da tsakar rana.

Wata takwas ke nan da wannan. Sai ranar Asabar da ta wuce.

Bayan la'asar na ji ƙarar babur ɗin Attahiru. Na riga na shirya, atamfata mai ruwan ganye da Inna ta ce tana haska ni, mayafi ruwan ƙasa, kwalli kaɗan, na tsuguna a kan kaskon turare har sai da Inna ta ce ko amarya ce za ta fita. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Yana sanye da shadda ruwan toka, ƙura ta yi masa fari a gira, ya ajiye wa Inna ƙullin goro, ya riƙe wata takarda cikin leda bai ajiye ba.

"Albishirinki, Malama."

"Goro."

"Fari ko ja?"

"Likita, rana ake yi, faɗi kawai."

"Aikin Dakta ya kammala. Za a aika wa wata babbar mujallar masana ranar Alhamis."

"Wace Dakta?"

"Jamila mana."

"Au, an naɗa ta? Ban ji guɗa ba."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce farfesan ya nemi abu ɗaya: wani mai ilimin abin, wanda yake zaune tare da garken, ya shaida cewa shanun nan sha biyu wuri ɗaya suka yi farin, kiwo ɗaya, ruwa ɗaya. Wanda ya ba da shaidar sunansa zai shiga cikin marubuta.

"Ita ta nace sai ke. Farfesan ma ya ce duk mai suna a takardar nan, baɗi in ya nemi gurbi zai duba shi da idon rahama. Sauda, ƙofar da ta rufe ce ta buɗe."

Ya miƙo mini takardar. Ga sunana nan an buga da inji, na uku a layi, bayan nata da na farfesan: Saudatu Atiku. Ku da ba ku yi wannan karatu ba, ba za ku gane ba. A wannan hanya ba a tambayar me kika sani, ana tambayar ina sunanki ya fito. Shekara huɗu ina mafarkin ganin haruffan nan a jere haka. Na shafa su da yatsa. A ƙasa akwai layi uku na Turanci da wurin sa hannu, ma'anarsu na shaida shanun nan ba su taɓa barin garken mahaifina ba.

Ya zaro biro daga aljihun gaba, ya cire masa hula.

"Ba na sa hannu."

"Na'am?"

"Na ce ba na sawa."

"Dalili?"

"Haka nan."

Daidai nan wayarsa ta yi haske a kan tabarma. Idona ya riga nasa. Dakta J, da ɗan tauraro a gefe. Ni kuwa na taɓa ganin yadda ya ajiye lambata: Malama Sauda S/Birni, kamar mai sayar masa da dusa. Ya kife wayar. Da bai kife ba da ya fi mini sauƙi.

"Ɗauka mana, kar Dakta ta jira."

"Sauda, aiki ne."

"Na sani. Aikin da ake yi ana dariya. Rannan minti arba'in ina kiranka ana ce mini kana magana."

Ya ɗago ya dube ni. Attahiru ba mai faɗa ba ne, shi ya sa maganarsa take shiga.

"In tambaye ki tsakaninki da Allah? Kishi ne?"

Me za ni ce? In ce a'a, ƙarya. In ce i, rabin gaskiya. Ɗaya rabin kuma Baba ya sa masa kwaɗo. Na sunkuyar da kai ina jan zaren tabarma.

Ya mayar da hular biro. "Kawunnaina suna shirin zuwa wajen Baba Lahadi ta sama, a tsayar da rana. Ban fasa ba. Amma ba na ɓoye miki, ina tsoron zuciyar da 'yar'uwarta ta miƙo mata hannu daga can, ta gwammace su nutse tare." Ya ajiye takardar a gabana. "Tana nan har Alhamis."

Ko furar bai sha ba.

Inna tana bayan ƙofa, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ina shiga ta bi ni har ɗaki da ludayi a hannu.

"Ke 'yar nan, mi aka yi maki? Sa hannu na fa, ba yanka ba."

"Inna, cewa za a yi shanun nan suna nan suka yi farin."

"To shanun ba namu ba na?"

"Namu ne, amma Borgu suka yi shi."

"Borgu aljanna ta? Can ma ai wahala sunka sha, ga ƙuda ga ciwon sammore."

"Inna, ba su ji yunwa ba. Duk aikin a kan yunwa yake."

"Wa za shi karanta takardar? Nasara. Nasara ya san Wule? In ya gamu da ita kan hanya ya gane ta?" Ta nuna ni da ludayin. "Shekararki ashirin da tara. Sa'o'inki na da ɗiya huɗu. Allah ya kawo maki mutum mai hankali, ki bari ya kuɓuce saboda cinyar saniya. In kishin Jamila na, hwaɗi, in san addu'ar da za ni yi maki."

Kun ji. Har uwar da ta haife ni.

Washegari na sami Baba a gindin gawo yana tsinto 'ya'yansa cikin buhu, su ne abincin shanun yanzu. Na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ce ya ba ni izini in faɗa wa Attahiru kaɗai. Bai ɗago ba.

"Likita ya ji, Jamila ta ji. Jamila ta ji, Labbo ya ji ta ji. Mutumin da ya kwana da garke ya tashi da sanda, abu guda ya rage mai, ɗiyarshi na ganin shi da girma. Shi za ki amshe?"

"Baba, aikinta ne zai tashi a kan ƙarya."

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "muddin ina numfashi, maganar ga ba ta fita daga gidan ga. Kar ki koma tada ta."

Na tashi.

Daga Litinin saƙonnin Jamilatu suka fara shigowa. Ina cikin aji wayar tana motsi a jaka.

"Adda, Likita ya gaya mini. Don Allah ki ɗauki kirana."

"Adda, na san tambayarki ce. Ko a gaban farfesa na faɗa."

"Shekara huɗu ina neman hanyar da zan wanke kaina a wajenki, wannan ce kaɗai na samu. Ki sa hannu mu zama mu biyu a nan. Na ma ga ɗakin da za mu zauna, tagarsa tana kallon kogi."

"Zan" take cewa yanzu, ba "za ni" irin namu ba. Ko Hausar gida ta gudu daga bakinta.

Na danna hoton da ke kan lambarta, abin da na hana kaina yi tun bara. Baffa Labbo ne tsaye cikin ciyawa har gwiwa, malfa a kai, sanda a kafaɗa, yana murmushi. Bayansa shanu uku. A ƙasa ta rubuta: Garken Babana, daga nan na fito. Na ja hoton da yatsu biyu har ya fashe. Ga lambobin nan a kunnuwansu, ɗigo uku masu ruwan ɗorawa. Wule, Saye, Nore. Shekara biyu tana kallon tsokarsu a ƙarƙashin madubin bincike, kullum tana kallon fuskarsu a wayarta, ba ta gane su ba. Ita ba ta san saniya ba sai a cikin kwalba. A makarantar kwana ta tashi, ko tatsa ba ta iya ba. Ita ce Dakta.

Na rubuta: Ki ƙara girman hotonki, ki dubi kunnen shanun.

Layi ɗaya. Ban karya umarnin Baba ba, ban faɗi komai ba, ita za ta gano da kanta. Na hango ta a ɗakin binciken nan mai fitilu, cikin farar riga, tana jan hoton da yatsa, fuskarta tana sauyawa. Na hango farfesan yana cire tabarau. Na hango Attahiru yana goge tauraron. Wallahi bakina har ya kawo yawu.

Wannan daɗin ne ya tsorata ni. Na goge. Ranar Talata na sake rubutawa na goge. Laraba ma haka. Attahiru kuwa bai kira ba, sai saƙo ɗaya: "Gobe ne." Takardar tana ƙarƙashin akwatina, in na ɗaga in ga sunana, in mayar.

Alhamis da safe, rana ta ɗan ɗaga, Baba ya yi kira daga garke. Saniyarmu Bage ce ta kasa tashi. Tana cikin biyar ɗin da suka rage, lamba ta biyu a kunnenta. Saniyar da ta kwanta a irin wannan lokaci, in aka bar ta yini ɗaya, ba ta ƙara tashi. Don haka kowace safiya ɗaga ta ake yi. Maƙwabcinmu Malam Usmanu ya zo, suka zura gungumen itace ƙarƙashin ƙirjinta, shi a gefe Baba a gefe, ni na naɗe wutsiya a hannu. Na riga na sa kayan makaranta, ban ko cire ba.

"Bismillah. Ɗaya, biyu."

Ta taso ta koma. Muka sake. A karo na uku ƙafafun baya suka kafu, tana rawa kamar kara cikin iska. Baba ya jingina kafaɗarsa da ita yana yi mata magana da Fillanci a hankali har ta tsaya da kanta. Malam Usmanu ya kaɗe hannu ya tafi gonarsa da ba komai a cikinta. Baba ya zuba mata 'ya'yan gawo a tasa, yana shafa cinyar nan da ta zama fata da ƙashi.

"Wagga ma tana cikin takardar taku?"

"Tana ciki."

"Mi anka ce da ita?"

"An ce ita da waɗanda suka mutu irinsu mai rauni ne. Wule da Saye da Nore su ne iri mai ƙarfi. In aikin ya karɓu, nan gaba za a ce wa masu kiwo su nemi irin su Wule su yaɗa."

Hannunsa ya tsaya a kan cinyar.

"Wule?"

"Ita."

"Wule da ko rani mai daɗi ita ka fara kwantawa? Uwarta ma haka ta, raggon jini. Don na san ba ta iya wahala na ba Labbo ita." Ya dubi Bage. "Wagga shekara biyu tana cin kwali, ba ta hana ku nonon koko ba sai watan jiya. Ita anka rubuta mai rauni?"

"Abin da tsokar ta nuna musu ke nan, tunda ba su san sauran ba."

"Kuma mutane su ji, su sai da irin Bage su sayi irin Wule."

"In sun yarda da takardar."

"Mutane na yarda da takarda," ya ce. Bage tana tauna, muna jin ƙarar 'ya'yan gawo a haƙoranta. "Shaidar zur kan dabbar da ba ta da baki."

Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Wataƙila gajiya.

"Baba, ba na sa hannu, ba na kuma faɗa tunda ka hana. In Attahiru ya fasa, ya fasa. Amma kar ka ɗauka don kirki nake yi. Tun ranar da ya tambaye ka na san za a yi haka, na yi shiru ina jin daɗi. So nake ta faɗi. Sau uku na rubuta mata abin da zai rushe ta, ina rubutawa ina murna. Ban san ko gaskiya nake so ba ko kukanta."

Na zaci zai yi faɗa. Baba bai taɓa jin magana irin wannan daga bakina ba, mu ba ma yin haka da iyaye. Sai ya tsuguna ya wanke hannunsa a bokitin shanun, ya goge a rigarsa, gaba da baya, kamar mai shirin karɓar baƙo.

"Shi ya sa ba ke za ki hwaɗa ba. Maganar da za ta yi maki zaƙi a baki ba taki ba ta. Ni za ta yi wa ɗaci." Ya miƙe. "Ni na ba da shanun. Labbo kuwa, ni da shi na, in ya ga dama ya yafe."

"Baba, aikinta na shekara huɗu ne."

"Na ji. Kira min ita."

Na ciro wayar daga jaka, hannuna yana warin wutsiya. Lambar tana nan inda na bar ta, ban taɓa kiran ta ba tun da aka ba ni. Inna ta fito bakin danga da tsintsiya ta tsaya. Na danna.

Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba aka ɗauka.

"Adda?" Tana dariya tana kuka lokaci guda. "Adda Sauda, ke ce? Kin sa hannun?"

Baba ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kai ta kunne a karkace.

"Ba ita ba ta, Baffanki na. Nemi wuri ki zamna, ɗiyata. Za ni ba ki labarin shanun ubanki."